2.3 Zanen Yanka na Takarda da Asalin Gyaran Dat

Abin da teloli ke kira dat shi ne ɗan ninkin nan mai tsini da ake ɗinkewa a ƙirji ko ƙugun riga, domin yadi, wanda shimfiɗaɗɗe ne, ya bi tudu da kwarin jikin mutum. Muddin tela na auna mace da kansa, ya kuma sa ta gwada rigar kafin a gama, wurin dat ba ya zama matsala. Matsalar ta taso ne lokacin da aka fara sayar da zanen yanka na takarda ga matan da mai zanen bai taɓa gani ba.

A shekarar 1863 wani tela mai suna Ebenezer Butterick, a garin Sterling na jihar Masacusets ta Amurka, ya fara sayar da irin wannan zane a girma daban-daban. Ya soma da tufafin maza da yara, sannan a 1866 ya shiga rigunan mata. Takardun farko ba su da rubutu a jikinsu, sai 'yan huji da tsaga da ke nuna inda dat zai zauna. Sai a farkon shekarun 1920 kamfanin McCall ya fito da takarda mai layuka bugaggu.

To amma jikin wace mace aka auna? A nan gizo ke saƙa. Tsakanin 1939 da 1940 ma'aikatar noma ta Amurka ta auna mata kimanin 15,000, aka buga rahoton a 1941. Sai dai awon fararen fata kaɗai aka yi amfani da shi wajen lissafi. A kan wannan aiki aka dogara wajen fitar da ma'aunin kasuwa na 1958, wanda aka janye a 1983. Su kuwa manyan kamfanonin zane sun daɗe suna yanka saman riga bisa zaton cewa faɗin ƙirji ya ɗara awon saman ƙirji, wato ta ƙarƙashin hamata, da inci 2 kacal. Macen da tata tazarar ta fi haka, in ta sayi babban zane don ƙirjin ya shiga, sai wuya da kafaɗa su yi mata yawa. In ta sayi daidai kafaɗarta, sai gaban rigar ya ɗage, maɓalli ya buɗe baki.

Salon zamani ma ya taka rawa. Rigunan shekarun 1920 a miƙe suke, ba su damu da dat sosai ba. Da Christian Dior ya fito da salonsa mai matse ƙugu a birnin Faris a 1947, kuskuren rabin inci ya zama abin da ido ke gani.

Daga nan dabarun gyara suka zama darasin da kowace mai ɗinki a gida ke buƙata. Tsinin dat dole ya fuskanci tsororuwar ƙirji, amma ya tsaya kimanin inci 1 kafin ya kai ta, in ba haka ba rigar ta yi ƙahon da ba a so. Ana iya rufe dat a gefe a buɗe shi a kafaɗa ko ƙugu, muddin tsororuwar ce cibiyar juyawa, kuma yawan yadin da ya cinye bai canja ba. In ana son ƙarin wuri, sai a tsaga takardar a buɗa ta, dat ya ƙara faɗi, kafaɗa kuwa ta zauna yadda take. A ganin wannan nazari, kamfanoni sun rage wa mace kuɗin tela ne, suka ɗora mata mafi wuyar aikinsa.

A ƙasar Hausa lamarin ya bi wata hanya. Zane ɗaurawa ake yi, babbar riga kuma daga miƙaƙƙun ƙyallaye ake haɗa ta, don haka ba sa buƙatar dat. Da riga mai bin jiki ta samu karɓuwa, telolin mata a Kano da Zariya sun fi auna mai kaya da tef, su zana da alli a kan atamfar kai tsaye, su yi gyaran ranar da ta zo gwaji.