Muhammad Ali a Kumasi

A watan Mayu na shekarar 1964 Muhammad Ali ya ziyarci Ghana, ya gana da Shugaba Kwame Nkrumah, sannan ya wuce Kumasi. Wata uku ke nan da ya doke Sonny Liston ya zama zakaran damben duniya, yana ɗan shekara 22. A lokacin, yawancin jaridun Amurka sun ƙi kiransa da sabon sunansa, sai Cassius Clay. A Kumasi kuwa Muhammadu ba baƙon suna ba ne, musamman a Zango, unguwar Hausawa da sauran Musulmi. An ƙwace kambunsa a 1967 saboda ya ƙi shiga soja. A Afirka ya sake karɓarsa, lokacin da ya kayar da George Foreman a Kinshasa a 1974.