Rawanin Buzu, daga Kura zuwa Agadas

Na tashi a Kanya Babba ina jin warin baba a jikin kakana. Fatauci yake yi: ya saro turkuɗi a Kura, ya biyo ta garinmu zuwa Ɓaɓura, ya ƙetara Babban Mutum ya shiga Magarya, daga can sai Damagaram. A hannunsa na koyi sana'ar da nake ci da ita har yau.

Abin da ya fara cusa mini shi ne Buzu ba ya sayen rawani don launi kawai. Ƙyalli yake nema, kuma yana son shunin ya zuba a fatarsa. Abin da Bakano zai kira aibi, shi ne daraja a Agadas. Wannan buƙatar ce ta tsara aikin tun daga tushe. Mata su kaɗa zare siriri, masaƙa su saƙa ƙyalle mai faɗin yatsa biyu ko ƙasa da haka, a harhaɗa shi da allura, marina su tsoma shi a karofi sau da yawa har ya koma baƙi. Sannan mabuga su barbaɗa shuni, su ɗora shi kan gungume su yi ta bugu har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe. A naɗe shi ƙanana cikin takarda, don kada ƙyallin ya goge a bayan raƙumi.

Lokacin aikin ma mai saye ne ke yanke shi. Ayarin gishirin Bilma yana gangarowa ƙasar Hausa ne bayan kaka, don haka dole kaya su haɗu kafin raƙuma su juya arewa. Tun a 1851 Bature Barth ya tarar da tufafin Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

Masaƙun zamani sun zo da wani tunani. An buɗe ta farko a Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Bompai da Sharaɗa. Sun ciyar da dubban gidaje, ba na musun haka, amma inji yakan fitar da zane ɗaya dila-dila, sai ɗan kasuwa ya san yadda zai yi da shi. Ga rashin wuta, ga fasa-ƙwauri. Masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dabarar kakannina ce 'yan Sin suka ɗauka: ɗan Kantin Kwari ya tura hoton zanen da mata ke so ta waya, a buga masa daidai shi.

Don haka, matasan Kazaure da Roni da Gwiwa masu shirin kafa injin matsar gyaɗa ko gyaran riɗi, ku je ku zauna da mai saye tukuna, ku ji irin buhun da yake so da watan da yake buƙatarsa, kafin ku sayi ko da ƙusa ɗaya.