Wasannin Sakandare A Kudancin Kano: Wa Ya Cancanci Shiga Fili, Kuma Me Ake Buƙata Daga Gare Shi?

Cancantar ɗalibi ta shiga gasar wasanni da sunan makarantarsa tana tsayuwa ne a kan abubuwan da ake tantancewa tun kafin a busa usur: kasancewarsa ɗalibin makarantar na haƙiƙa, shekarunsa, matsayin karatunsa, lafiyar jikinsa da amincewar iyayensa. Bayan ya shiga fili kuma sai batun ɗabi'a ya biyo baya. Kowace gasa tana zuwa da nata kundin ƙa'idojin, don haka abin da aka yarda da shi a gasar gidaje ta cikin makaranta ba lallai ne ya samu karɓuwa a matakin jiha ko na ƙasa ba. Ga makarantun ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, inda akasarin ɗalibai 'ya'yan manoma ne kuma birnin Kano yake da nisa, wasu daga cikin waɗannan sharuɗɗa sun fi wahalar cikawa fiye da yadda suke a rubuce.

Matakan gasa da masu shirya su

Mataki na farko shi ne gasar da ake yi tsakanin gidajen makaranta ɗaya, wadda malamin wasanni ke shiryawa a ƙarƙashin kulawar shugaban makaranta. Daga nan ake tsamo waɗanda za su wakilci makarantar a gasar ƙaramar hukuma ko ta shiyya, sannan ta jiha. A matakin ƙasa, ƙungiyar wasannin makarantu ta Najeriya, NSSF, ita ce uwa. Akwai gasar ƙwallon ƙafa ta Kofin Shugabannin Makarantu, wadda aka farfaɗo da ita a 2021 lokacin da Sunday Dare yake Ministan Matasa da Wasanni, da gasar ƙwallon kwando ta Milo da ta shafe sama da shekara 20 ana yi, da kuma Gasar Wasannin Matasa ta Ƙasa da aka fara a Abuja a 2013, wadda yanzu ta zama ta 'yan ƙasa da shekara 15 kuma Asaba ta karɓi baƙuncinta a 2023 da 2024. A Kano kanta ana buga Kofin Ramat na matasa, wanda ƙungiyar YSFON ke shiryawa don tunawa da Janar Murtala Muhammed. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ita ma ta ƙaddamar da gasar makarantu ta maza da mata 'yan ƙasa da shekara 15 a 2022.

Ɗalibi na haƙiƙa da ɗan haya

Sharaɗin da ya fi kowanne sauƙin fahimta shi ne ɗan wasa ya kasance sunansa yana cikin rajistar shiga makarantar, yana da aji, kuma yana zuwa. Shugaban makaranta ne ke sa hannu da hatimi a kan jerin sunayen, galibi tare da hoton kowane yaro, don haka idan aka samu algus, shi ne na farko da za a tambaya.

Keta wannan sharaɗi tsohuwar cuta ce. A kan ɗauko matashin da ya gama makaranta shekara biyu da suka wuce, ko gwanin wani kulob na gari, a ɗinka masa rigar makaranta a sa shi cikin jeri. A ƙauye wannan dabara ba ta cika ɓoyuwa ba, domin 'yan kallo sun san ɗan gidan wane ne kowa, amma idan aka je matakin shiyya inda ba a san fuskoki ba, takan wuce. Hukuncin da aka saba da shi a ƙwallon ƙafa shi ne a ƙwace wasan a bai wa abokan hamayya da ci uku da nema, wani lokaci har a kori makarantar daga gasar baki ɗaya. Wannan hukunci ba ya duba niyya. A watan Nuwamban 2017 Najeriya ta tashi kunnen doki 1-1 da Aljeriya a wasan neman gurbin Kofin Duniya, amma FIFA ta mayar da sakamakon 3-0 ta bai wa Aljeriya, saboda an sa Shehu Abdullahi, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, alhali yana da katin gargaɗi biyu da suka wajabta masa zama a benci. Sakaci ne na masu riƙe da lissafi, kuma sa'ar da aka ci ita ce Najeriya ta riga ta samu gurbinta.

Shekaru

Nan ne gizo ke saƙar. Gasannin matasa suna ƙayyade shekaru ne da ranar haihuwa, kuma a tsarin FIFA da CAF ranar 1 ga Janairu ce iyaka: wanda aka haifa kafin wannan rana ta shekarar da aka ayyana ya fita, ko da tazarar kwana ɗaya ce. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda doka mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta yi wa kowane jariri, sai kuma lambar NIN, wadda tuni ta zama sharaɗin rajistar manyan jarrabawa irin su JAMB. Takardar rantsuwar shekaru da ake yankowa a kotu ita ce mafi rauni, domin abin da mai rantsuwar ya faɗa shi ake rubutawa.

Najeriya ta sha ɗanɗana kuɗarta a kan wannan. A 1989 FIFA ta dakatar da ita na shekara biyu daga gasannin matasa, ta kuma ƙwace mata damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, bayan an gano ranakun haihuwar 'yan wasa uku a gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka gabatar a gasannin baya. A 2009, lokacin da aka buga Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Najeriya, har da wasanni a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, FIFA ta shigo da gwajin MRI na wuyan hannu. Na'urar tana duba guringuntsin da ke ƙarshen ƙashin hannu ne, wanda yake haɗewa sannu a hankali yayin da yaro ke girma. An kasa haɗewar zuwa matakai shida, kuma wanda ya kai mataki na shida ana ɗaukar cewa ya haura shekara 17. A 2016 'yan wasa 26 na Golden Eaglets suka faɗi wannan gwaji gab da karawa da Jamhuriyar Nijar, kuma Nijar ta yi waje da su, alhali su ne ke riƙe da kofin duniya na 2015.

Gwajin yana da iyakarsa. An gina shi ne a kan iyakar shekara 17 ta yara maza, ba ya faɗin ranar haihuwa, kuma ba a dogara da shi ga 'yan mata saboda ƙasusuwansu sukan riga haɗewa. Tsadarsa ma ta fi ƙarfin gasar makarantu, don haka a matakin ƙasa-ƙasa takarda da idon masu tantancewa ne ke aiki, kuma ido yakan zalunci yaron da Allah Ya hore wa girman jiki.

Akwai wani ɓangare na matsalar da ya shafi karkara kai-tsaye. Yaron da aka haifa a gida a wani ƙauye na Doguwa ko Kiru, ba a yi masa rajista ba, ya fara da makarantar allo, bai shiga firamare ba sai yana da shekara tara ko goma, zai iya kaiwa aji ɗaya na babbar sakandare yana da shekara 18 ko 19. Ɗalibi ne na haƙiƙa, babu ƙarya a lamarinsa, amma ba shi da gurbi a gasar 'yan ƙasa da shekara 15 ko 17. A irin wannan hali ne ake jarrabtar malami ya rage masa shekaru a takarda. Illar takan bayyana daga baya, lokacin da ranar haihuwar da ke kan NIN ta ƙi dacewa da wadda ke kan sakamakon WAEC ko NECO, a wayi gari neman gurbin jami'a ko aikin ɗamara ya gagara. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar irin wannan ɗalibi ya fafata a gasannin da sharaɗinsu aji ne ko zama ɗalibi kawai, a kuma yi wa ƙannensa rajista tun suna goye.

Karatu da halartar aji

A wasu ƙasashe doka ce ta ɗaure wasa da maki. Jihar Texas ta Amurka ta kafa dokar da ta hana ɗalibin da ya faɗi darasi shiga gasa tun a 1984. A makarantun Kano abin ya fi komawa ga hukuncin shugaban makaranta da malamin aji, waɗanda ke da ikon dakatar da mai fashin aji ko wanda sakamakonsa ya lalace. Ɗaliban aji biyu na babbar sakandare suna da jarrabawar share fage ta jiha a gabansu, wadda cin ta ke sa gwamnati ta biya wa ɗalibi kuɗin NECO, 'yan aji uku kuma suna fuskantar jarrabawar fita, saboda haka makarantu da yawa sukan sassauta musu atisaye a zangon ƙarshe. A wannan yanki rajistar aji tana da wani abokin hamayya ban da ƙwallo, wato gona. Zangon farko yana faɗowa ne a kan kaka, lokacin yankan shinkafa a Tudun Wada da karyar masara a Doguwa, kuma malamin da zai hukunta ɗan wasa kan fashi yana buƙatar sanin ko fili ya tafi ko gona.

Lafiya, tafiya da izinin iyaye

Ɗalibin da bai kai shekara 18 ba yaro ne a idon doka, kuma Jihar Kano tana da Dokar Kare Yara da aka sanya wa hannu a 2023. Fita da shi daga makaranta zuwa wani gari na buƙatar amincewar uba ko waliyyi, a rubuce idan da hali. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga makarantar da ke Riruwai ko Dadin Kowa, wadda motarta za ta ratsa Dajin Falgore kafin ta kai Tudun Wada, ta bi ta Kwanar Dangora ta hau titin Zariya zuwa Kano. Tafiyar rana, rakiyar malami, da malama mace idan tawagar ta 'yan mata ce, suna cikin abin da iyaye ke da haƙƙin tambaya.

Binciken lafiya kafin gasa shi ne sharaɗin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ya kamata a san mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya, da wanda ya taɓa sumewa ko jin ciwon ƙirji yayin gudu. Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana tsakiyar wasa da Angola, yana matashi mai jini a jika, kuma ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa. Zafin bazara na Maris zuwa Mayu da azumin Ramadan su ma suna buƙatar a matsar da atisaye zuwa sanyin safiya ko bayan la'asar. Yaron da ya bugu a ka har ya ruɗe ba a mayar da shi fili a ranar.

Ga 'yan mata, sutura ta daina zama hujjar hana su. Hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta amince da rufe kai a 2014, ta ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017, da sharaɗin kada a maƙala fil ko wani abin da zai iya yin rauni.

Ɗabi'a a fili da wajensa

Dokokin ƙwallon ƙafa sun tanadi jan kati ga zagi, tofa yawu, duka da mummunar keta, kuma wanda aka kora yakan rasa aƙalla wasa na gaba. Doka ta 4 ta haramta sanya zobe, sarƙa, awarwaro da makamantansu, kuma rufe su da salatif bai halatta su ba. Alƙalin wasa na iya amfani da wannan doka a kan kambu ko guru ko layar da aka ɗaura a jiki, abin da kan jawo cacar baki a filayen ƙauye. Taɓa alƙalin wasa shi ne laifi mafi girma, kuma makaranta takan ɗauki alhakin abin da magoya bayanta suka aikata, ko da 'yan gari ne suka fara jifa.

Shan ƙwaya ya shafi dokar wasa da dokar ƙasa a lokaci guda. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta tiramadol a lokacin gasa daga ranar 1 ga Janairun 2024, Gwamnatin Tarayya kuma ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018. Ba a gwada fitsari a gasar ƙaramar hukuma, amma ƙa'idar WADA ita ce ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko da wani ne ya ba shi da sunan maganin gajiya. Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga girman matsalar, tunda makarantar gyaran hali da Gwamnatin Kano ta kafa don masu shaye-shaye a Kiru take.

Dillalai da ƙorafi

Ɗalibin da ya yi fice yakan jawo masu alƙawarin kai shi Turai. Sashe na 19 na dokar sauya sheƙa ta FIFA ya hana ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai, kamar ƙaurar iyaye da ba ta da alaƙa da ƙwallo. Ahmed Musa da kansa, bayan ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Dillalin da ya nemi uba ya sayar da gona ko shanu don biyan kuɗin gwaji a waje yana tallata abin da doka ba ta yarda da shi ba ga yaron da ke aji ɗaya ko biyu.

Makarantar da ke zargin an sa mata ɗan haya ko wanda ya haura shekaru tana da hanya ɗaya: ta buga wasan, ta shigar da ƙorafi a rubuce cikin wa'adin da kundin gasar ya ƙayyade, tare da suna da lambar rigar wanda ake zargi da kuma hujja. A manyan gasannin FIFA wa'adin farko sa'a biyu ne bayan tashi daga wasa. Ficewa daga fili cikin fushi kuwa yakan sa a ƙwace wasan daga hannun mai ƙorafin, ko da daga baya an tabbatar da gaskiyarsa.