Wey, Mutumin da Barikin Ojo ke Ɗauke da Sunansa

Duk wanda ke kai raguna Alaba Rago ko yake bin hanyar Ojo ya san Navy Town, ya kuma ga sunan NNS Wey. Da yawanmu mun ɗauka kalmar Turanci ce kawai. To, sunan mutum ne, kuma tarihinsa ya shafe mu fiye da yadda muke zato, musamman mu da 'ya'yanmu ke ganin aikin sojan ruwa na mutanen bakin teku ne, ba na ɗan Hausa ba.

An haifi Joseph Edet Akinwale Wey a Kalaba a 1918. Sunansa ma ya nuna asalinsa: uwa Efik, uba Bayarabe. Bai fara da bindiga ba, da sifana ya fara. Injiniyan jirgi ne a tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwa ta Turawa, wadda ke kula da tashoshi da hanyoyin ruwa. Da aka kafa rundunar sojan ruwa a 1956, daga wannan ma'aikata aka ɗebo mutane da jirage, shi ma yana ciki. A 1964 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe rundunar, bayan hafsoshin Ingila. Mutumin da ya fito daga ɗakin inji, inda zafi da baƙin mai suke, ya san darajar ƙaramin ma'aikacin da ba a gani daga sama. Mu 'yan kasuwa mun san bambancin maigidan da ya taɓa ɗaukar huhun goro a ka da wanda ya tarar da rumfa a shirye.

Babbar jarrabawarsa ta zo a ƙarshen Yulin 1966, bayan kashe Janar Ironsi. Ƙasa na neman wargajewa. Birgediya Ogundipe, wanda ya fi kowa girma a sojan ƙasa, ya ga ƙananan sojoji ba sa bin umarninsa, ya bar ƙasar. Mulki ya faɗa hannun Laftanar Kanar Yakubu Gowon, mai shekara 31. Wey a lokacin Kwamodo ne, daidai da Birgediya ke nan, shekararsa 48. Ya girme Gowon a muƙami, ya girme shi a haihuwa da shekara goma sha shida. Ojukwu a Inugu ya ce shi kam ba zai bi ƙaninsa a aiki ba. Wey ya bi. Ya zauna a majalisar ƙoli ta soja, ya je Aburi ta ƙasar Gana a Janairun 1967 lokacin da aka nemi sulhu, ya ci gaba da sara wa yaron da a tsari shi ya kamata ya sara masa.

Wasu za su ce ai ba shi da zaɓi, tun da bindigogi na hannun sojan ƙasa, rundunarsa kuwa 'yar ƙarama ce. Akwai gaskiya a ciki. Amma fa yana da zaɓin tafiya, kamar yadda wani ya tafi, yana da na zama yana gunaguni yana ɓata wa yaro aiki ta ƙarƙashin ƙasa. Wannan na biyun mun san shi sarai a zangonmu, duk lokacin da aka naɗa sarki ko shugaban kasuwa aka tsallake wani dattijo. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya ɗora Usama ɗan Zaidu, yana matashi, a kan rundunar da manyan sahabbai ke ciki. Muna karantawa, amma aiki da shi kan yi mana nauyi.

Ba za mu ce hannunsa bai taɓa ɗaci ba. A yaƙin basasa rundunarsa ce ta sauke sojoji a Bonny a Yulin 1967, ita ce kuma ta toshe wa Biyafara hanyar teku. Toshewar nan na cikin abin da ya jawo yunwar da ta kashe yara ba adadi. Maƙwabtanmu Ibo da muke cin kasuwa tare ba su manta ba, bai kamata mu ma mu yi kamar ba a yi ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne gidan da ya bari. A 1973 ya koma babban hafsa a hedkwatar ƙoli, mataimakin Gowon ke nan, ya miƙa rundunar ga Nelson Soroh, mutumin yankin Neja Dalta. A cikin yaran da suka taso zamaninsa akwai wani daga Mayo Belwa, garin da ke nesa da teku iyakar nisa. Murtala Nyako ya shiga a 1963, ya yi horo a Dartmouth ta Ingila, ya riƙe jihar Neja a 1976, sannan a 1990 ya zama shugaban sojan ruwa gaba ɗaya. Shi ne Baba Mai Mangoro da muka sani daga baya. Ƙofar mata ta daɗe ba ta buɗu sosai ba: sai 2012 Itunu Hotonu ta zama mace ta farko da ta kai Riya Admiral, a 2017 kuma Jamila Malafa, 'yar Adamawa, ta kai Kwamodo. A 2021 Awwal Zubairu Gambo, Bakano, ya hau kujerar da Wey ne ɗan ƙasa na farko da ya zauna a kai.

Babu ɗaya cikinsu da aka haifa da sanin teku. Jirgi ba ya tafiya sai babba ya tsaya kan ƙarami ya nuna masa taswira da inji da igiya, kamar yadda ake koya wa yaro ciniki a rumfa har ya ci gashin kansa. Mu kuwa da ke kwana muna jin ƙahon jirage daga Apapa, yaranmu nawa muka taɓa raka wa neman fom ɗin NDA ta Kaduna, inda ake horar da hafsoshin ruwan?

Wey ya bar aiki a 1975, lokacin da aka hamɓarar da Gowon, mutumin da ya tsaya wa shekara tara. Ya rasu a Disambar 1991.