Gadon Bayan Doki da Tarihin Haɗeja

Ya ku 'yan makaranta, in an tambaye ku abin da ya ɗaukaka sunan Haɗeja a zamanin da, na san waɗansunku za su ce jaruntakar mazajenta, waɗansu kuwa su ce ganuwarta. Duka biyu gaskiya ne. Amma akwai wani abu na uku wanda maroƙa ba su cika ambatonsa ba, shi ne gadon bayan doki, watau tsokar nan da ta taso daga wuya, ta bi ta ƙarƙashin sirdi, ta sauka kan kuturi. A bisanta barde ya ke zaune da makamansa duka. In ta gaza, jaruntakarsa ta zama ta mai tafiya ƙasa.

Mu fara da ƙasar kanta. Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, shi kuwa ya nufi gabas, ya gamu da na Jama'are kusa da Gashuwa, su zarce Tafkin Chadi. In damina ta yi nisa sai ruwa ya malale fadamu. In ya janye sai ya bar ɗanyar ciyawa har tsakiyar rani, lokacin da dabbobin tudu ke lasar ƙasa. Tsakanin fadamun nan kuma akwai tuddan rairayi. Ga shi kuma garin yana kan hanyar fatake tsakanin Kano da Barno, inda manyan dawaki ke fitowa. Kun ga ashe Allah ya haɗa wa Haɗeja abinci da ruwa da hanyar samun dawaki wuri guda.

To, wane irin kaya ne dokin yaƙi ya ke ɗauka? Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke ƙasar Hausa. Lifidi rigar kariya ce mai kauri wadda a kan cusa wa auduga a dinke, a sa wa doki daga wuya har gwiwa, mahayinsa ma ya sa tasa. A 1823 wani Baturen Ingila, Manjo Denham, ya isa Kukawa, ya ga barade na Shehun Barno sanye da sulke, ya yi mamaki ƙwarai. Ku lissafa da kanku: ga sirdi na itace mai tsawon gaba da baya, ga zubka da jalala, ga lifidi, ga ƙato da sulkensa da kwalkwali da garkuwa da takobi da mashi. Nauyin ya kan kai inda in ɗan lifidi ya faɗi ba ya iya tashi sai an kama shi. Masana dawaki na yanzu sun ce kada a riƙa aza wa doki abin da ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa. Saboda haka ba kowane doki a ke sa wa lifidi ba, sai ingarma zaɓaɓɓe.

Da irin dawakin nan Haɗeja ta yi suna. Sambo ya kafa sarautar Fulani a garin wajen 1808. Ɗansa Buhari ya hau gado a 1848. Da ya saɓa da Sarkin Musulmi Aliyu Babba aka tuɓe shi a 1850, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Shekara ba ta daɗe da kewayowa ba sai Buhari ya komo ya ƙwace garin a 1851. Aka tara masa rundunar ƙasashe da dama, ya karya ta a Kaffur, ya ci gaba da mulkin kansa, yana kai hari ƙasar Kano da maƙwabta, har ya rasu a yaƙin Gogaram ta ƙasar Bade a 1863. Ba yabon hare-haren na ke yi ba, domin talakawa da yawa sun sha wuya a cikinsu. Abin da na ke so ku lura shi ne, wanda zai yi shekara goma sha biyu yana kwana nan ya wayi gari can, lalle yana da dawakin da bayansu ba ya gajiya da wuri. Irin wannan baya kuwa ba a sayensa a kasuwa, gina shi a ke yi.

Ga yadda Allah ya tsara shi. Ƙashin bayan doki kamar azara ce da aka ɗora bisa ginshiƙai huɗu, ciki mai nauyi na rataye a ƙarƙashinta. Doguwar tsoka na kwance dama da hagun ƙashin. Akwai kuma wata jijiya mai ƙarfi da ta taso daga ƙeya ta bi bisan ƙashin har baya. In doki ya miƙa wuya gaba ya sassauto da kai, sai jijiyar ta ja, bayan ya ɗago. In kuma ya zuro ƙafafun baya sosai ƙarƙashin cikinsa, sai tsokar ciki ta ɗaure ta tallafe bayan daga ƙasa. Amma in ya ɗaga kai sama don tsoron linzami, sai bayan ya lotsa, nauyin mahayi ya sauka kan ƙashi. A nan dole mu faɗi gaskiya game da kakanninmu: linzaminsu mai zobe yana da zafi ƙwarai, an yi shi ne don a tsai da doki nan take cikin sukuwa, kuma a hannun mahayi marar tausayi ya kan lalata baya. Ku sani kuma ƙashin bayan doki ba ya gama ƙosawa sai ya kai shekara biyar ko shida. Wanda ya ɗora wa dukushi kaya mai nauyi ya ci amfanin gonarsa tun tana ɗanya.

Abin da ya tsare dawakin da shi ne aiki kullum da abinci mai kyau. A fada akwai Shamaki mai kula da barga, ƙarƙashinsa akwai 'yan barga masu yankan ciyawa da ba da dawa da harawa da kanwa. A kan fita kilisa, a kan kai dawaki kogi. Tafiye-tafiyen sarauta duka bisa doki a ke yinsu. Dokin da ke ratsa rairayi, ya hau tudu, ya keta ruwa har gwiwa, tilas ya ɗaga ƙafa ya tura da kuturi, tsokarsa kuwa ta cika ba tare da kowa ya sa mata suna ba. Yau a ƙasashen Turai har injin a ke ƙerawa mai ruwa a ciki don doki ya yi tafiya, a nemi abin da fadamar Haɗeja ke bayarwa kyauta.

Ƙarshen zamanin nan ya zo a watan Afrilu 1906, sa'ad da sojan Ingila suka auka wa Haɗeja. Barade suka fito bisa dawakinsu suka tari bindiga mai ruwa, wadda lifidi da sulke ba su tare harsashinta. Sarki Muhammadu ya faɗi a ranar tare da mutanensa masu yawa, shi ya sa a ke kiransa Mai Shahada. Daga nan doki ya bar fagen fama. Sannu a hankali mota da babur suka karɓe masa tafiya. Fadamar ma ta sake: an gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliya ta ragu a waɗansu wurare, kachala ta toshe waɗansu. Doki ya zama na hawan salla da angwanci. Sau da yawa sai ya yi watanni ɗaure a turke ana ɗura masa dusa, ya yi ƙiba, mai shi na murna. Amma ƙiba ba tsoka ba ce. Na taɓa ganin wani kyakkyawan akawali kwana biyu bayan salla, da aka ɗaga zubka sai ga miki biyu a gadon bayansa, ƙudaje na bi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, mutanen Turai su ma sun daɗe da sanin wannan matsala. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce wani Bayunane mai suna Zanufun ya rubuta littafin hawan doki, ya yabi dokin da tsoka ta taso masa gefe biyu na ƙashin baya, ya ce ya fi daɗin zama. A Faransa kuma wani malamin hawa, Pluvinel, wanda ya koya wa Sarki Luwis na 13 hawa, ya rasu a 1620, ya kan sa doki ya yi ta kewaya ginshiƙi guda. Dubi bambanci: mu mun mai da turke wurin tsayuwa, shi ya mai da shi wurin tafiya. Daga irin wannan dabara aka sami horon kewaye. Mai horo ya tsaya tsakiyar fili riƙe da igiya mai tsawon kamar yadi tara ko goma, doki na kewaya shi ba kowa a bayansa, yana tafiya, yana sassarfa. Babbar makarantar hawa ta birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya, da wannan igiya ta ke fara horon ingarmunta in sun kai kamar shekara huɗu, ta yi shekaru tana horonsu kafin su ƙware.

Daga baya aka ƙirƙiro kayan taimako. Akwai igiya biyu da a kan ɗaura daga linzami zuwa majayi, dama da hagun. Akwai wadda ke tasowa daga majayi ta tsakanin ƙafafun gaba, ta hau ƙeya, ta sauko bakin linzami, wadda ke sassautawa da zarar doki ya sunkuyar da kai. Akwai kuma mai suna Pessoa, sunan wani gwanin mahayi na ƙasar Barazil, wadda ke zagaya cinyoyin baya don ta tuna wa doki ya zuro ƙafa. Dukansu manufarsu ɗaya, su nuna wa doki tsayuwar da za ta ɗaga bayansa. Amma igiya ba ta haifar da tsoka. In an matse ta, sai doki ya lanƙwasa wuya kawai, bayansa na nan a lotse, ya ƙara da ciwo. Kewaye kuma na gajiyar da gaɓoɓi, don haka kada ya wuce kamar minti ashirin, a raba shi rabi dama rabi hagun, da'irar ta zama mai faɗi, ƙasa ta zama mai laushi. Dokin da ke ɗingishi, ko sirdi ya ji masa ciwo, magani ya ke bukata tukuna. Wanda kuwa ba ya samun harawa isasshiya, ko an saya masa igiyar zinariya ba abin da zai gina tsoka da shi. Sai an yi makonni, har watanni, kafin ido ya ga canji.

Saboda haka, ya ku yara, wanda gidansu akwai doki, in an yi hutu ya je barga ya shafa gadon bayansa. In ya ji ƙashi ya fito kamar kaifin fartanya, ko ya ga dokin na zillewa in an taɓa, to, ya gaya wa magabatansa cikin ladabi. A sake shi daga turke kullum, a ja shi ya hau tudu ya sauka, a bi da shi rairayi da bakin ruwa, a duba sirdi kafin a ɗaura majayi. Wanda ya sami doguwar igiya ya yi kewaye da haƙuri. Dabbar nan ta ɗauki kakanninmu shekaru ɗaruruwa, tana da hakki a kanmu, za a kuwa tambaye mu. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa mu zama masu tausayin abin da aka ba mu kiwo, amin.