Tarihin Mol: Gaskiyar da ta yi shekara hamsin tana jiran mai bayani

Makalar wannan makon ta leƙa ajin ilimin sinadarai ne, inda ɗalibai ke fama da lissafin da ake kira mol.

Mol adadi ne, kamar dozin. Dozin guda 12 ne, mol kuwa guda 6.02214076 × 10²³ ne, wato 6 da lambobi 23 a bayanta. Ƙwayoyin zarra sun yi ƙanƙantar da ba mai iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, sai a ƙirga su da sikeli. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne. Idan an ba ka giram 36, ka raba da 18, ka samu mol 2. Wannan rabawa da ɗalibi ke yi cikin minti guda, sai da masana suka kwashe shekaru suna jayayya kafin ta tsaya da ƙafarta.

A farkon ƙarni na 19, John Dalton na Ingila ya ɗauka ruwa ƙwayar haidirojin ɗaya ce da ta oksijin ɗaya. Amma a 1808 Gay-Lussac na Faransa ya nuna cewa iskokin gas suna haɗuwa ne bisa awo mai sauƙi: awo biyu na haidirojin da awo ɗaya na oksijin su ke ba da awo biyu na tururin ruwa.

Wanda ya warware wannan shi ne Amedeo Avogadro, ɗan Italiya da ya karanta shari'a kafin ya koma kimiyya. Kowa ya san ƙwayoyin da ke cikin mudun gero sun fi na mudun masara yawa. A 1811 Avogadro ya ce gas ba haka yake ba: muddin zafi da matsi ɗaya ne, awo ɗaya na kowane gas yana ɗauke da dunƙule iri ɗaya a yawa. Ya ƙara da cewa ƙwayoyin haidirojin da na oksijin bibbiyu suke tafiya a manne. Da wannan, ruwa ya zama haidirojin biyu, oksijin ɗaya.

Gaskiya ya faɗa, amma ba a saurare shi ba. Berzelius na Suwidin, babban malamin fannin a lokacin, yana ganin ƙwayoyi iri ɗaya ture juna suke yi, ba za su manne ba. Shi kansa rubutun Avogadro ya ƙara dagula lamarin, don kalma ɗaya ya yi amfani da ita ga ƙwayar zarra da kuma dunƙulenta, sifa kawai yake canjawa. Ya rasu a 1856 ba a karɓi ra'ayinsa ba. Ruɗanin ya kai ga August Kekulé ya jero hanyoyi 19 da masana ke rubuta sinadarin tsami guda ɗaya.

A 1858 wani malami a Jenowa, Stanislao Cannizzaro, ya rubuta taƙaitaccen bayanin yadda yake koyar da ɗalibansa. Ya raba ƙwaya da dunƙule, kowanne da sunansa, ya bi lissafin daki-daki. A Satumban 1860 masana kusan 140 suka taru a Karlsruhe ta Jamus don daidaita al'amarin, suka tashi ba matsaya. Sai aka raba musu ɗan littafin nan a ƙarshen taron. Lothar Meyer ya karanta shi a hanyar komawa gida, daga baya ya ce shi ya yaye masa shakku. Dmitri Mendeleev na Rasha ma yana wurin, kuma da gyararrun nauye-nauyen ya gina jadawalin sinadarai a 1869.

Daga nan hanya ta buɗe. Wilhelm Ostwald ya ƙirƙiro kalmar mol a shekarun 1890. A 1909 Jean Perrin ya auna adadin, ya ba da shawarar a sa masa sunan Avogadro, mutumin da bai taɓa sanin lambar ba. A 1971 mol ya shiga jerin manyan ma'aunan duniya, an jingina shi da giram 12 na kabon-12. Tun 20 ga Mayun 2019 aka tsayar da lambar cak.

Mu da ke son rubuta ilimi da Hausa, matsalar Avogadro tana gabanmu. Kalmar "ƙwaya" muke faɗa wa hatsi, da magani, da zarra, da dunƙulenta. Duk wanda zai rubuta darasin mol, ya fara ba kowanne sunansa, ya riƙe shi har ƙarshen shafi. Cannizzaro bai gano sabon abu ba, ya dai rubuta yadda ɗalibi zai gane, manyan malamai ma suka gane.

Wace kalma kuke ganin ta dace da dunƙulen ƙwayoyin zarra? Sai na ji daga gare ku.