Wasiyya, Ayari da Zango: Inshorar Mahajjatan Ƙasa

A Kano ko Katsina ko Damagaram ta farkon ƙarni na 20, wanda ya ɗaura niyyar zuwa Makka a ƙasa bashi yake fara biya kafin ya ɗaure kaya. Sai ya bi gida-gida yana neman gafara, ya tara shaidu ya yi wasiyya: gona a hannun wane, 'ya'ya a hannun wane, ajiyar mutane a mayar musu. Ran tashi a raka shi har bayan ganuwa, ana kuka irin na rabuwar da ba a sa ran sake gamuwa. Masu kukan suna da hujja. Daga Kano zuwa Sawakin, a bakin Bahar Maliya, tafiya ce ta fiye da kilomita 3,000, kuma mutum kan shekara biyar ko bakwai ko fiye kafin a sake ganinsa, in Allah Ya sa an gan shi.

Babu kamfanin da ke sayar wa irin wannan matafiyi takardar inshora. Amma haɗurran da ake jerawa a takardar yau, wato ciwo da sata da mutuwa da maƙalewa a ƙasar wasu, duk mutanen da sun san su, kuma kowanne sun yi masa tanadi da abin da ke hannunsu.

Tanadin farko sana'a ce. Hajji ya wajaba ne a kan mai iko, kuma malaman Malikiyya, mazhabar da ƙasar Hausa ke bi, ba su ɗaure ikon nan ga mallakar raƙumi da jakar kuɗi ba. Mai ƙarfin tafiya a ƙasa, wanda ke da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, shi ma mai iko ne, muddin hanyar na da aminci. Wannan fahimta ce ta buɗe wa talaka ƙofa. Wanzami ya rataya zabirarsa, baduku ya ɗauki basillarsa, malami ya riƙe allo da tawada, mace ta tafi da hannunta na koko da ƙosai. Wanda ba shi da komai sai ƙarfi ya yi ga-ruwa ko dako ko ƙodago. In damina ta tare hanya a nemi aron gona a yi noma, da kaka a sayar da amfani a ƙara gaba. Baturen nan mai yawon duniya, Burckhardt, ya gamu da mahajjatan yamma a hanyar Shendi zuwa Sawakin a 1814, ya kuma ba da labarin yadda masu ilmi a cikinsu ke ciyar da kansu da rubutun laya.

Iyalin da aka bari a gida ma shari'a ba ta manta da su ba. Matar da labarin mijinta ya yanke tana iya kai ƙara gaban alƙali. A bincika, in ba a ji ɗuriyarsa ba a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10 ta sami damar yin wani aure. Gudun wannan hali ya sa wasu kan sawwaƙe wa matansu kafin su tashi, wasu kuma su kwashi gidan kacokan, har da goyo.

Tanadi na biyu ayari ne. Ba a shiga dajin Wadai da Darfur a ɗaiɗaiku. Ana bin tsarin da fatake suka saba da shi tun zamanin safarar goro daga Gwanja: madugu a matsayin uban tafiya, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, shi ke raba faɗa. Daga Barno a ƙetare zuwa Kusuri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, a bi ta Abeshe zuwa Jinena da Fashir, sannan Al-Ubayyid, inda layin dogo ya iso wajen 1912. Wanda ciwo ya kayar a ɗora shi a jaki ko a bar shi hannun amintacce a gari na gaba. Wanda ya cika, abokan tafiya su yi masa sutura su riƙe marayunsa.

Na uku, wanda ya fi duka ƙarfi, shi ne zango. Asalinsa daɗaɗɗe ne, domin tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira saboda ɗalibansu da mahajjatansu. A hanyar gabas kuwa, zangunan sun yi kauri ne bayan 1903. A shekarar ce Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira daga Sakkwato, Turawa suka cim masa a Burmi ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin da suka kafa ke amsa sunansa har yau. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin tsintar auduga ya zama rumbun da mahajjata ke tara kuɗin jirgin ruwa. Baƙo ya sauka wajen sarkin zango, a ba shi ɗaki da tuwo, a nemo masa aiki, a gaya masa hanyar da ke da lafiya a bana. Bai biya ko anini ba. Abin da ake jira daga gare shi kawai, ranar da ya zauna da gindinsa ya yi wa na bayansa haka.

Wannan kariya tana da iyaka, kuma iyakar mai ɗaci ce. Zango ba ya maganin kwalara da agana. Rijiya kan ƙafe, 'yan fashi kan tare hanya. Mafi muni, akwai mayaudara da suka riƙa fakewa da rigar aikin Hajji suna ɗibar yara da mata su sayar a Hijaz, inda ba a haramta bauta ba sai 1962. Daga cikin bayin da ofishin jakadancin Ingila a Jidda ya 'yanta a shekarun 1920 da 1930 har da mutanen Afirka ta Yamma. Waɗanda guzurinsu ya ƙare ƙaf kuwa suka zauna a gefen Jidda da Makka suna aikin ƙarfi, ana kiransu Takari.

Takarda ta farko mai kama da inshora Turawan mulki ne suka kawo ta. A 1919 Razdan na Barno, Palmer, ya bi hanyar da kansa daga Maiduguri har Jidda, wani jami'i mai suna Lethem ya sake bin sawu a tsakiyar shekarun 1920. Abu biyu ke damunsu: tsoron kada mahajjata su kwaso aƙidar Mahadiyya daga Sudan, da kuɗin da ake kashewa wajen maido da waɗanda suka maƙale. Sai aka fito da tsarin fasfo na mahajjata, da kuɗin ajiya da mutum zai bari don dawowarsa. A Sawakin a yi masa lamba, a killace shi, ya yanki tikitin zuwa da dawowa. Tsarin ya ceci wasu, amma baitulmalin gwamnati ya fi karewa. Talakan da ke tafiya da sana'arsa ba shi da dunƙulallen kuɗin da zai ajiye, don haka dubbai suka kauce, suka bi ta Masawa da ke hannun Italiya ko wasu lungunan gaɓa, suka hau ƙananan jiragen ruwa masu filafilai da dare. Dokar da aka ce don tsaronsu aka yi, ita ta tura da yawa cikinsu hanya mafi haɗari.

Mota da jirgin sama suka gajarta abin. A ƙarshen shekarun 1940 attajiran Kano irin su Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash da Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa kamfanin jigilar mahajjata, tafiyar shekaru ta koma ta watanni, daga baya ta sa'o'i. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975, sannan dokar 2006 ta haifar da hukumar da ke aiki yanzu. Haɗari bai ƙare ba, kama ya sauya: mutum 176 suka rasu a filin jirgin Kano a Janairun 1973, wasu 261 a Jidda a Yulin 1991, akasarinsu alhazai masu komawa Sakkwato.

Malamai da yawa sun ƙi inshorar kasuwa saboda riba da garari da ke cikinta. Mafitar ta fito ne daga ƙasar zangunan, domin a Sudan aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a 1979. Tsarin, wanda ake kira takaful, ya yi kusa da abin da ayari ke yi: kowa ya zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda masifa ta faɗa wa a ɗebo a agaza masa. Hukumar inshora ta Najeriya ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013.

Har yanzu ana samun masu taka sayyadarsu zuwa Makka. Adam Mohamed ya bar Ingila a Agustan 2021 yana tura amalanke, ya isa a Yunin 2022 bayan kimanin kilomita 6,500. Mai irin wannan niyya zai tarar cewa inshorar da Saudiyya ke haɗawa da bizar mahajjaci a cikin ƙasar kaɗai take aiki, watannin da zai yi a hanya kuwa sai ya nemi wata. A nan ne tsofaffin tambayoyi ke dawowa. Kwana nawa takardar ta ɗauka, tunda da yawa ba sa wuce wata ɗaya zuwa uku a tafiya guda? An lissafa kowace ƙasa da zai ratsa? Ta yarda da doguwar tafiyar ƙasa, da ciwon da yake ɗauke da shi tun daga gida kamar hawan jini ko sukari? In ya kwanta, wa zai biya asibiti da kuɗin maido shi? Kusan duk kamfanoni kuma suna cire yankin da ake yaƙi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya toshe tsohuwar hanyar gabas, domin tun Afrilun 2023 Sudan ke cikin yaƙi, Jinena da Fashir suna cikin garuruwan da suka fi shan wuta, Jazira ma ba ta tsira ba. A ƙauyukan Jazirar ne masani Bawa Yamba, wanda littafinsa ya fito a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen mahajjata, haifaffun Sudan masu jin Hausa, suna gaya masa cewa su matafiya ne da ke kan hanyar Makka. Yaƙin ya tashi da yawa daga cikin zuriyarsu daga gidajen da kakanninsu suka saba sauke baƙi.